Inda Auta Ke Zuwa Ranar da Ba Ta Je Makaranta Ba

Akwai wani mai walda da ke da rumfa a bakin titi, daura da wani shagon kayan masarufi. Aikinsa ƙera ƙyamaren gida da tagogin ƙarfe, kuma ya iya aikin. Gidan da ya saka wa ƙyaure, ɓarawo sai dai ya leƙa ya wuce.

Sai dai shekara ashirin ya yi yana sauraron labarin mutanen da aka yi wa sata, har ya kai bai yarda da kowa ba. Ko gaisuwa ka tsawaita masa, sai ya fara tunanin me kake nema.

Matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce. 'Ya'yansa maza biyu sun girma sun tafi neman na kansu. Aka bar shi daga shi sai ƙaramarsu, mace ɗaya tilo, wadda kowa ke kira Auta. Shekararta goma sha huɗu, tana ajin da za su rubuta babbar jarrabawa a ƙarshen zango.

Yana son Auta, wannan ba a musu. Amma son nasa na tsaro ne. A bencin ƙofar shago, inda mazan layin ke zama da yamma, yakan bugi ƙirji ya ce, "Ni a gidana ko allura ce ta faɗi sai na ji. Yaran yanzu ba a sakar musu ido."

Wata rana malamin lissafin su Auta ya kawo masa babur, ƙarfen ɗaukar kaya ya karye. Yana tsaye ana aiki sai ya ce, "Malam, 'yarka tana da kai. Ba don fashin da take yi ba, da babu mai kamo ta a ajin."

Mai Walda ya kashe inji, ya ɗage baƙin tabarau.

"Fashi kuma? Wace 'yar?"

"Auta mana. Kowane wata sai ta ɓace kwana uku, wani lokaci huɗu. Ni na ɗauka kai kake aiken ta wani wuri."

Mai Walda ya mayar da tabarau. Ya ƙarasa aikin, malamin ya tafi. Kullum da idonsa yake ganin Auta ta saka kayan makaranta, ta rataya jaka, ta ce, "Baba, na tafi." To ina take zuwa?

Wani uban da ya isa gida zai zaunar da ita ya tambaye ta. Shi bai yi haka ba. A ganinsa, wanda ka tambaya ka ba shi damar shirya ƙarya ne. Sai ya zuba ido.

Da ya fara lura, sai abubuwa suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya.

Sabulun wanki yana ƙarewa da wuri, alhali kayan da ake shanyawa a igiya ba su ƙaru ba. Wata rana ya tura ƙofar ɗakinta ba sallama, ta zabura ta fisge wani abu da ta rataya a bayan ƙyaure ta cusa ƙarƙashin katifa.

Ya buɗe akwatin marigayiya, wanda ba ya bari a taɓa, ya ga zannuwa biyu ba sa nan.

Sannan ga wata baƙar leda da ke leƙowa daga jakar makarantarta.

"Mene ne a ledar nan?"

"Ba komai, Baba."

"Ba komai ake ƙullewa haka?"

Ta sunkuyar da kai, ta rungume jakar. Ya ƙyale ta, ba don ya yarda ba.

A nan ya tuna wata magana da ta wuce da watanni. Ta taɓa zuwa ta durƙusa gabansa ta ce tana son kuɗi. Ya ce na me? Ta ce za ta sayi wani abu ne. Ya ce abin ba shi da suna? Ta shiga murza gefen riga. Ya ce, "A gidan nan ba a ba da kuɗin abin da ba shi da suna." Ta ce, "To a bar shi, Baba." Ba ta sake tambaya ba. A lokacin gani ya yi ya toshe wata ƙofar ɓarna. Yanzu kuwa tambaya ɗaya ce ke cin sa: da ya hana, wa ya ba ta?

Da yamma a benci, Mai Shago ya lura Mai Walda ba ya magana. Mai Shago kuwa mutum ne da in an sayi ashana a wurinsa sai ya san wace wuta za a kunna. Ya matso, ya rage murya.

"Akwai maganar da na daɗe ina juyawa. Ba na son a ce ni na faɗa."

"Faɗi."

"Ka san matar nan da ta kama haya a ƙarshen layi, kusa da kango? Wadda ake kira Baƙuwa?"

Kowa ya san ta, kuma babu wanda ya san ta. Shekara guda ke nan da zuwanta, ita kaɗai, ba miji ba ɗa. An ce tela ce, ana jin ƙarar keke, amma ba a taɓa ganin wani ya kai mata ɗinki ba. Labulenta kullum a sake.

Mai Shago ya ce, "Yara mata ke shiga gidan nan da kayan makaranta, a lokacin makaranta. Su fito da leda a hannu suna waige-waige. Ni dai ban ce komai ba. Amma macen da ba a san asalinta ba, ta tara 'ya'yan mutane a ɗaki ta saki labule, ai ba karatu take koya musu ba."

"Ka ga tawa?"

Mai Shago ya kau da kai, ya shiga gyara gwangwanayen madara da ba su karkace ba. "Ni dai ban ce komai ba."

Washegari Mai Walda ya fara bin ta. Sai ta fita ya bar mata tazara, ya bi bayanta a ɓoye. Rana ta farko ta shiga makaranta. Ta biyu ma haka. Ya yi kusan mako biyu yana wannan sintiri, aikin mutane na jiran sa a rumfa. Maimakon hankalinsa ya kwanta, sai ya ce a ransa ta gane ne ana bin ta.

Ranar wata Talata ta fito tana tafiya a hankali, hannu ɗaya dafe da ciki. Da ta kai mararraba ta tsaya, ta duba hagu, ta duba dama. Ba ta bi hanyar makaranta ba. Ta karya kwana ta nufi ƙarshen layi, ta ƙwanƙwasa ƙofar Baƙuwa. Aka buɗe kaɗan, ta shige, aka rufe.

Yana nan laɓe a jikin kango, sai ga wata yarinyar ta zo ta ƙwanƙwasa. Ya gane ta. Ƙawar Auta ce, 'yar Direba maƙwabcinsa, mai tuƙa babbar mota zuwa garuruwa masu nisa.

Bai shiga ba. So yake ya kama su a gaban shaidu. Kai tsaye ya wuce wurin Direba, ya same shi yana duba tayoyi.

"Na gani da idona. Tawa da taka. Ba makaranta suke zuwa ba, gidan matar nan suke wuni."

Direba mutum ne mai zafin zuciya. Ya jefar da ƙyallen da ke hannunsa. "Gobe da sassafe zan yi lodi. Tare za mu tafi, in ajiye ta wurin yayata. Karatun da za a je a koyo iskanci, gara babu."

Saura mako uku a fara jarrabawa. Mai Walda ya san da haka, bai ce a dakata ba.

Daga nan ya je wurin mai gidan da Baƙuwa ke haya, ya ce masa in bai kore ta ba, unguwa za ta kore ta. Suka shirya gobe su je tare. Kafin rana ta faɗi, labari ya zaga layin, kuma kowane baki ya bi sai ya ƙara masa wani abu. Wasu suka ce ƙwaya take sayar wa yaran. Wasu suka ce maza take haɗa su da su.

A ranar, Auta ta dawo a lokacin tashi daga makaranta, ta gaishe shi, ta ɗora girki. Ya ce, "Ya karatu?" Ta ce, "Lafiya lau, Baba." Ya kalle ta kawai.

Da safe ta sake karya kwana. Ya bari aka yi kamar awa guda, sannan ya kira Mai Shago da Mai Gida suka tafi. Ya doki ƙofar da tafin hannu. Baƙuwa na buɗewa ya bangaje ya shiga.

Ɗaki ne guda da 'yar baranda. Keken ɗinki a jikin taga, tulin kayan makaranta da aka ɗinka an ninke a kan tebur, buhun yanke-yanken yadi a lungu. A ƙasa tabarma ce, yara mata uku zaune a kai, littattafai a buɗe gabansu. Wata ta huɗu na kwance, ta ɗora gorar ruwan zafi a mara. Babu namiji, babu ƙwaya.

Auta ta miƙe a firgice. "Baba."

Abin da ya gani bai yi kama da abin da ya zo kamawa ba, amma ya riga ya yi nisa, ga mutane a bayansa. Ya fisgi jakarta, ya zaro baƙar ledar, ya yage ta, ya zazzage a ƙasa.

Wasu ƙyallaye ne suka zubo, an ɗinke su rufi-rufi, dogaye kamar tafin hannu, da 'yan fukafukai da maɓalli. Ya duƙa ya ɗauki ɗaya. Ya gane yadin. Zanen matarsa ne.

"Mene ne wannan?"

Yaran suka rufe fuska. Auta ta juya ta jingina goshi da bango, kafaɗunta na rawa.

Baƙuwa mace ce da ta haura arba'in, siririya, da awon tela rataye a wuya. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Mai Shago da Mai Gida ta ce, "Ku biyun ku jira a waje. Wannan maganar ta uba ce." Suka fita da sauri kamar dama jira suke a ce su fita.

Ta durƙusa ta tattara ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ta kaɗe musu ƙura, sannan ta miƙe.

"Malam, ƙunzugu ne. 'Yarka ta fara al'ada wata goma sha ɗaya ke nan. Ka sani?"

Bai sani ba. Ko sau ɗaya abin bai taɓa zuwa masa a rai ba. A idonsa har yanzu Auta ita ce yarinyar da yake ɗauka a kafaɗa.

Baƙuwa ta ce, "A kangon nan na tsince ta. Na fita zubar da shara na ji kuka. Na same ta zaune a kan bulo, bayan siket ɗinta duk ya ɓaci, ta ɗaura jaka tana rufewa. Tun safe take wurin, tana jiran a tashi daga makaranta ta koma gida kamar ta je. Na kawo ta nan ta wanke jikinta. Na tambaye ta me take amfani da shi, ta nuna min tsumman goge tebur."

Ya dubi Auta. "Me ya sa ba ki faɗa min ba?"

Ba ta juyo ba. Da bango take magana.

"Na zo, Baba. Ka ce in faɗi sunan abin. Audugar mata ce. Na kasa faɗa maka. Da Inna tana nan ita zan faɗa wa."

Ta share hanci da bayan hannu.

"Ranar da abin ya zo min a aji, malam ya ce in fito in yi lissafi a allo. Ina miƙewa maza suka fara dariya. Har a benci ya zuba. Wani ya zagaye wurin da alli, aka yi mako babu mai zama a kai. Na gudu banɗaki, babu ƙyaure, babu ruwa. Duk wanda ya bi ta bayan aji yana ganin wanda ke ciki. Shi ya sa in ya zo ba na iya zuwa."

Baƙuwa ta ce, "Ƙunzugun nan yana riƙewa, amma dole a canja da rana. A ina za su canja? Shi ya sa kwanakin farko suke zuwa nan. Ni ɗinkin kayan makaranta nake kai wa 'yan kasuwa, ragowar yadin nake haɗa musu da shi. Da nawa ya ƙare, ita ta kawo zannuwan mahaifiyarta, ta ce a yi mata a yi wa ƙawayenta. Labulen da ake magana a kai, yaran nan nake sakar wa shi."

Ya ce wa Baƙuwa, "Me ya sa ba ki je makarantar kin faɗa musu ba?"

"Sau biyu na je. Mai gadi ya ce 'yar wa gare ni a ciki? Na ce babu. Ya ce to in koma in turo iyayensu. Iyayen kuwa, yaran sun roƙe ni kada in faɗa."

Ta ninke awon da ke wuyanta.

"Ni ma a irin wannan shekarun na bar makaranta, a kan irin wannan benci. Ban sake komawa ba. Ba na iya koya musu komai, amma na ce duk wadda ta shigo ɗakin nan sai ta buɗe littafi. Wadda ta je aji jiya ta koya wa wadda ba ta je ba."

Mai Walda yana tsaye da ƙyallen a hannu, ya rasa inda zai ajiye shi.

Sai Baƙuwa ta duba ƙofa ta ce, "Yau 'yar Direba ba ta zo ba. Jiya kuwa ciwon mara ko miƙewa bai bar ta ta yi ba. Ko kun san lafiya?"

Mai Walda ya zauna a kan buhun yadi. Motar Direba ta tashi tun da sassafe.

Yana fita ya kira Direba a waya. Ya yi masa bayani tun daga farko. Direba ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Kai ka ce min ka gani da idonka."

"Shigarta na gani. Ban ga abin da ke ciki ba."

"To yanzu duk layi sun ji 'yata 'yar iska ce. In na dawo da ita, bakin wa zan toshe? Tana nan inda zan kai ta." Ya kashe waya.

Jama'a, ku lura da nan. Maganar da Mai Walda ya watsa cikin yini ɗaya, wata biyar ya yi yana bin ta yana gyarawa. A bencin da ya saba bugun ƙirji ya tsaya ya ce, "Ƙarya na yi wa matar nan, na yi wa 'yata, na yi wa 'yar maƙwabcina." Wasu suka yarda. Wasu suka ce an dai rufa asiri ne. Mai Shago kuwa cewa ya yi, "Ni dama tun zuwanta na ga alamar mutuniyar kirki ce."

Mai Walda ya koma wurin Baƙuwa shi kaɗai, ya tsaya daga bakin ƙofa ya nemi gafara. Ta ce, "Ni na yafe. Amma ba ni ka fi yi wa laifi ba."

A gida Auta ba ta yi masa rashin kunya ba. Tana gaishe shi, tana ajiye masa abinci, ta shige ɗaki. Shirun nan ya fi masa zagi ciwo.

Rana ta uku ya tafi kemis mai nisa da layinsu. Ya jira mutane suka ragu, ya matsa ya ce ƙasa-ƙasa, "Abin nan na yarinya, wanda ake sakawa." Mai kemis ya ƙunsa masa a leda. Ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin Auta, ya yi sallama, ya jira sai da ta amsa.

"Ga shi. Ban san ko shi ne ba."

Ta buɗe ledar. Ta kalli abin, ta kalle shi. Ta yi ƙoƙarin daurewa, ta kasa. Dariya ta ƙwace mata har ta zauna a bakin gado.

"Baba, wannan ai na jarirai ne."

Shi ma ya yi dariyar, idonsa cike da ƙwalla. Ya zauna a bakin ƙofa ya ce, "Auta, ki yafe min. Na tsaya gadin ki, na manta in tambaye ki lafiyarki. Daga yau abin da kike buƙata ki faɗa min. In kin kasa faɗa, ki rubuta a takarda. In kin kasa rubutawa, ki ce min in je wurin Anti mai ɗinki, ita za ta faɗa min."

Ta gyaɗa kai. "Sunansa audugar mata, Baba."

"Audugar mata," ya maimaita, kamar ɗan aji ɗaya.

Washegari ya je makarantar. Wannan karon mai gadi bai da ta cewa, uba ne ya zo. Ya nemi malamin lissafi ya ce ya raka shi banɗakin 'yan mata. Suka zagaya bayan azuzuwa. Ɗakuna huɗu ne a jere, babu mai ƙyaure ko ɗaya, sai guntayen ƙarfe da tsatsa ta cinye a jikin bango. Famfon wurin ya daɗe da bushewa.

Malamin ya cire hula ya sosa kai. "Shekara tara ina koyarwa a nan, ban taɓa zagayowa wurin nan ba. Sai dai in buɗe rajista in rubuta ba ta zo ba."

Mai Walda ya zaro awo ya fara gwada faɗin ƙofofin. Da ragowar ƙarfen da ke jibge a bayan rumfarsa ya haɗa ƙyamare huɗu, kowanne da sakata ta ciki da ƙugiyar rataya jaka. Ya ƙera mazaunin duro, wasu iyayen suka kawo duron, aka tsara masu cika shi da ruwa. Shugabar makaranta, da ta ji labarin tun daga tushe, ita da kanta ta taka har ƙarshen layi. Ta ba Baƙuwa wani ɗaki a cikin makaranta, inda take zuwa sau biyu a mako tana koya wa 'yan mata ɗinka ƙunzugu da yadda ake wanke shi a shanya a rana. Matan layin da ke kauce mata a hanya suka fara aiko mata da tsofaffin zannuwa. Sunan Baƙuwa ya ɓace, kowa ya koma kiran ta Anti.

Auta ta rubuta jarrabawa, ta ci, ta wuce aji na gaba.

'Yar Direba ba ta rubuta ba. Ranar da ake jarrabawar tana can wani gari tana wanke-wanke a gidan gwaggonta. Duk lokacin da motar Direba ta dawo, Mai Walda na zuwa ya same shi. Direba ya daina amsa masa gaisuwa, bai fasa zuwa ba. Matar Direba ma ta sa baki, Anti ta je, malamin lissafi ya je. Sai farkon sabuwar shekarar karatu aka dawo da ita. Ta maimaita aji. Ƙawayenta duk sun wuce ta.

Hanyarta ta makaranta ta gaban rumfarsa ta bi. Kullum da safe sai ta ɗan rusuna ta ce, "Ina kwana, Baba." Ta san wanda ya kai maganarta, shi ma ya san ta sani. Yakan amsa ba tare da ya iya ɗaga ido ya kalle ta ba. Ba ta taɓa ƙara kalma ɗaya a kan gaisuwar ba.

Wata safiya ta gaishe shi, amma ba ta wuce ba. Ta tsaya tana gyara igiyar jakarta.

"Baba, ƙyaure na biyu sakatarsa ta daina shiga. 'Yan ajinmu suna jin kunyar faɗa wa malamai. Na ce musu ni zan faɗa maka."

Ya ɗago ya dube ta, karo na farko tun dawowarta. A gabansa akwai ƙofar wani gida da ya yi alkawarin gamawa a ranar. Ya kashe inji, ya ɗauki guduma da akwatin kayan aiki.

"Mu je, 'yata."

Ta shige gaba, ya bi ta a baya.

Darasi: Kafin ka zargi 'yarka, zaunar da ita ka tambaye ta, kuma ka zama uban da za a iya faɗa wa gaskiya ba tare da tsoro ba. Al'ada ba laifi ba ce, ba abin kunya ba ce. Yara mata da yawa ba ƙin karatu suke ba, rashin auduga, ruwa da banɗaki mai ƙyaure ne ke zaunar da su a gida. Zargi kuma in ya fita daga bakinka, ko ka tuba, wani ne zai ɗauki asararsa. Ku tura wannan labari ga iyaye maza, yayye da malamai, wataƙila akwai wata yarinya a gidansu da ta kasa faɗin sunan abin da take buƙata.